Yadda Ake Kafa Teburin Sinuka da Buga Wasan Baƙar Ƙwallo, Mataki-Mataki

Tambayoyin da kuke ta aikowa kan wasan sinuka ba su wuce iri uku ba. Akwai masu son sayen tebur su ajiye a gida ko a shago, suna tsoron kada a haɗa su da tarkace. Akwai waɗanda suka daɗe suna bugawa, amma har yau farar ƙwallo ba ta jin maganarsu. Sai kuma masu gardamar doka, kowa na cewa a unguwarsu ba haka ake yi ba. Ga amsar nan a wuri ɗaya, bi da bi, daga awon ɗaki har zuwa zura baƙa.

Ka fara sanin wane wasa kake nufi, domin kayansu ba ɗaya ba ne. Yawancin teburan da muke gani a majalisu da wuraren shaƙatawa na wasan pul ne, mai ƙwallaye 15 da fara ɗaya. Ainihin sinuka teburinsa ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙwallayensa kuma 22: jajaye 15, masu launi daban-daban 6, sai fara. Wannan jagorar ta pul ce, wadda ake ƙarewa da baƙar ƙwallo mai lamba 8.

1. Auna ɗakin kafin ka taya tebur

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya auna wurin da tebur zai zauna ya manta da sanda. Sanda mai cikakken tsawo inci 57 zuwa 58 ce, wato kusan mita ɗaya da rabi, kuma kana bukatar wannan filin a kowane ɓangare na huɗu. Lissafin ba wuya: ɗauki tsawon filin wasa, wato daga bangon roba zuwa bangon roba ta ciki, ka ƙara mita 3. Haka za ka yi wa faɗin. Babban tebur mai ƙafa 9, filinsa santimita 254 ne da 127, ka ga yana bukatar ɗaki mai kusan mita 5.5 da 4.3. Mai ƙafa 7 zai zauna a ɗaki mai kusan mita 5 da 4.

Gargaɗi: idan mai sayarwa ya ce maka tebur ƙafa kaza ne, tambaye shi daga ina ya auna. Teburan ƙirar Ingila daga waje ake auna su, sai ka tarar da filin cikin bai wuce ƙafa 6 da 3 ba alhali an ce maka ƙafa 7 ne. Tafi da tef ɗinka ka auna da kanka. Kowane tebur na ƙwarai tsawon filinsa ninki biyu ne na faɗinsa.

Idan ginshiƙi ko bango ya takura gefe ɗaya, ka sayi gajeriyar sanda mai inci 48 ko 36 ka ajiye don wannan lungun kawai.

2. Tebur, ƙwallaye da inda kuɗin ke tafiya

Abin da ke ƙarƙashin ƙyallen shi ne tebur. Iri biyu ne: mai dutse, wanda a kasuwa za ka ji ana ce masa mai mabul, da mai katako. Na dutse ya fi tsada nesa ba kusa ba, yana da nauyin gaske, amma ba ya lanƙwasa. Na katako yana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, sai dai yana shan raɓar damina ya kumbura, rani ya zo ya bushe ya karkace, kafin ka ankara ƙwallo ta fara bin hanyar da ta ga dama. Idan na yara ne a cikin gida, na katako ya isa. Idan na sana'a ne, inda za a yini ana bugawa, shawarata ita ce ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin na dutse. Araha ba ta ado. A manyan tebura dutsen yakan zo kashi uku, kaurinsa kusan inci ɗaya.

Ga abin da za ka duba, musamman idan na hannu ne. Ka danna bangon roba da yatsa a wurare da yawa, inda ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da sauran, robar ta mutu a nan. Ka buga ƙwallo ɗaya da ƙarfi madaidaici ta bi tsawon teburin: a tebur mai lafiya za ta kai ta komo har ta ci tsawonsa kamar sau huɗu ba tare da ta yi tsalle ba. Ka shafa ƙyallen da tafin hannu ka ji ko akwai tudu ko tsaga a inda duwatsun suka haɗu. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ƙafafu da kusoshi.

Ƙwallaye ma iri biyu ne, kuma dole su dace da bakin ramin teburinka. Na ƙirar Amurka manya ne, inci 2 da kwata, masu lamba 1 zuwa 15. Na ƙirar Ingila inci 2 ne, jajaye 7, rawaya 7 da baƙa ɗaya, farar tasu kuma takan ɗan fi sauran ƙanƙanta. Idan ka ɗora manyan a teburin da aka yi don ƙanana, ramuka za su riƙa tofo su waje. Ƙwallayen Aramith da ake yi a Beljiyam su suka fi suna wajen ƙarko. Masu araha sukan dusashe su tsage da wuri, tsagaggiyar ƙwallo kuwa cin ƙyalle take yi.

Wajen kasafi, kuɗin tebur ba shi ne ƙarshe ba. Ka ware na mota da 'yan dako, na mai haɗawa, na fitila, na mayafin rufewa, na sanduna aƙalla huɗu idan shago ne, na alli da kawunan sanda na canji, da kuma na sabon ƙyalle, domin a wurin sana'a ƙyalle ne ke fara ƙarewa. Galibin kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canji, saboda haka ka taya a wuri biyu ko uku a makon da za ka saya, kuma ka sa kuɗin haɗawa cikin cinikin tun farko.

3. Daidaita zaman tebur

Wannan matakin ne ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali duk sauran a kansa suke. Nemo ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki, dogo ya fi. Ɗora shi a tsakiyar tebur ta tsawo, sannan ta faɗi, sannan daga kusurwa zuwa kusurwa. Duk ɓangaren da ya yi ƙasa, ɗaga ƙafarsa. Wasu tebura na da ƙafafun da ake murɗawa, in babu sai a cusa siraran katako a ƙarƙashi. Kada ka sa kwali mai laushi, zai lotsa cikin 'yan kwanaki ka koma gidan jiya.

Bayan ma'auni ya nuna daidai, gwada da ƙwallo. Gangara ta a hankali ƙwarai kusa da kowane bango, ka zuba mata ido a lokacin da take dab da tsayawa. A nan ne take tona asirin tebur: idan ta karkata gefe kafin ta tsaya, akwai sauran aiki. Ƙwallo mai gudu ba ta nuna komai.

Gargaɗi: kada a ja tebur mai dutse a ƙasa, kada kuma a ɗauke shi ɗungurungum idan dutsensa kashi uku ne. Kwance shi ake yi, a kai, a sake haɗawa, a cike haɗin duwatsun da kakin zuma ko wani abin cikewa, sannan a ja ƙyalle. Wannan aikin wanda ya saba ne. Fitila kuma ta kasance a saman tsakiyar tebur, kamar mita ɗaya daga ƙyalle, yadda ƙwallo ba za ta yi doguwar inuwa ba.

4. Sanda da alli

Ɗora sanda a kan tebur ka mirgina ta. Idan kanta na ɗagawa yana sauka, ta lanƙwashe, ajiye ta. Nauyin sandunan da aka fi amfani da su tsakanin giram 500 ne da 600, kuma nauyi ba ya ƙara wa mutum iyawa. Faɗin kan shi ne abin lura: milimita 12 zuwa 13 ga manyan ƙwallaye, 8 zuwa 9 da ɗoriya ga ƙanana.

Kan sanda fata ce, ana so ta yi ɗan tudu kamar kumburin ƙwayar ido, ba shafaffe ba. Idan ya yi sulɓi yana ƙyalli, alli ba zai kama ba, sai a ɗan karce shi da samfefa. Idan ya cinye har ya kusa kai wa zoben da ke riƙe da shi, canza shi kafin zoben ya yaga maka ƙyalle. Ga yadda ake yi. Yanke tsohon da reza, ka kankare ragowar gam har saman zoben ya yi sumul. Goga bayan sabon kan a samfefa don gam ya samu wurin kamawa. Ɗiga gam mai ƙarfi kaɗan, ɗora kan a tsakiya daidai, danna shi na ɗan lokaci, sannan ka bar shi ya bushe sosai. Kifa sandar kan yana ƙasa a bisa katako, ka yanke abin da ya fito gefe har ya yi daidai da zoben, sannan ka fitar da tudun da samfefa, kana gogawa daga tsakiya zuwa gefe. Kada ka goga daga gefe zuwa sama, fatar za ta tashi.

Alli kuwa shafa shi ake yi a kan fatar a hankali kafin kowane bugu. Masu murza sanda cikin alli har su huda shi, gefen zobe suke shafawa, tsakiyar kan na nan babu komai. Kada ka busa ƙurar allin a saman tebur, kuma kada ka ajiye shi a kife a kan bango. Idan sanda na kama maka fatar hannu saboda gumi, goge ta da busasshen tsumma. Hodar da ake zubawa a hannu tana ƙarewa ne a cikin ƙyalle.

5. Ku daidaita a kan doka kafin a fasa

Kusan duk rigimar da ake yi a bakin tebur daga nan take tasowa. Akwai dokar ƙungiyar wasan ta duniya, WPA, akwai ta teburan Ingila masu ja da rawaya, akwai kuma ta unguwa. Kowacce ana iya wasa da ita lafiya lau in an amince tun farko. Tambayoyi huɗu za ku yi wa juna:

Idan an yi laifi, me ɗayan zai samu? A dokar duniya ta ƙwallaye masu lamba, zai ɗauki fara ya ajiye duk inda yake so a tebur. A ta ja da rawaya, bugun kyauta ɗaya yake samu, wato wanda zai iya fara taɓa kowace ƙwallo a cikinsa, kuma yana iya barin fara inda take ko ya mayar da ita bayan layin da ake fara wasa daga gare shi. A wurare da yawa kuma bugu biyu ake bayarwa.

Sai an faɗi rami kafin a buga? A dokar duniya, e: ka nuna ƙwallo ka nuna rami, sai fa in abin a bayyane yake.

Baƙa a kowane rami take shiga, ko sai ramin da ƙwallonka ta ƙarshe ta shiga, kamar yadda wasu ke yi?

Idan baƙa ta shiga a bugun fasawa fa, wato bugun farko da ke watsa jerin ƙwallaye?

Abin da zan bi daga nan shi ne dokar duniya, domin a rubuce take, kuma ita aka fi bi a gasar ƙwallaye masu lamba. Ina kuma roƙon masu shago su rubuta dokar da suka zaɓa da manyan baƙaƙe su manna a bango. Su ƙara da cewa ba a sa kuɗi. Caca ce ta ɓata wa wasan nan suna a idon iyaye, kuma ita ce ke mayar da ƙaramar gardama ta zama dambe. Kuɗin tebur na mai tebur ne, bayan shi kada sisi ya shiga tsakanin 'yan wasa.

6. Jerawa da fasawa

Ƙwallaye 1 zuwa 7 masu launi ɗaya ne, wato babu ratsi a jikinsu, 9 zuwa 15 masu ratsi, wasu na ce musu ƙanana da manya; kowane ɗan wasa rukuni ɗaya zai riƙe, sai ya zura shi kaf sannan ya nemi baƙa. A jera su cikin alwatika, ta gaba ta hau ɗigon da ke kashi ɗaya bisa huɗu na tsawon tebur daga bangon ƙarshe. Baƙa a tsakiyar layi na uku. A kusurwoyi biyu na baya, ɗaya mai ratsi ɗaya mai launi ɗaya. Sauran a cakuɗa. A teburin ja da rawaya kuwa baƙar ce ke hawa ɗigon. Tura su gaba da yatsu har kowace ta taɓa 'yar'uwarta kafin ka ɗaga alwatikar. Jeri mai sako-sako yana shanye ƙarfin bugu, ƙwallaye su tsaya cunkus a wuri ɗaya.

Mai fasawa zai ajiye fara a bayan layin da ke ɗaya ɓangaren. Fasawa ta inganta idan ƙwallo ta shiga rami, ko kuma aƙalla huɗu daga cikin jerin suka taɓa bango. In ba haka ba, abokin wasa na da zaɓi: ya karɓi tebur yadda yake, ko a sake jeri ya fasa da kansa, ko ya sa mai laifin ya sake. Idan fara ta faɗa rami, ɗayan zai buga daga bayan layi. Idan baƙa ta shiga a fasawa, ba ci ba ne, ba kuma faɗuwa ba ce: mai fasawa zai zaɓi a mayar da ita kan ɗigo ya ci gaba, ko a sake jeri.

Saita tsakiyar ƙwallon gaba sosai, ka bugi fara a tsakiya. Daidaito ya fi ƙarfi. Wanda ya zuba duk ƙarfinsa ya sami gefen ƙwallon gaba, farar ce za ta tashi ta bar tebur ko ta faɗa rami.

Bayan fasawa tebur a buɗe yake, ko da wani abu ya shiga. Ba ka da rukuni sai ka faɗi ƙwallo ka zura ta bisa ƙa'ida.

7. Tsayuwa da riƙo

Idan na-dama ne kai, tsaya a bayan fara ka ga layin bugun tun kana tsaye. Ɗora ƙafar dama a kan layin, ka tura ta hagu gaba da ɗan gefe, sannan ka sunkuya har haɓarka ta kusanci sanda. Hannun hagu ya zauna daram a kan ƙyalle, yatsu a baje, babban yatsa a manne da manuniya, sandar ta bi ta kwarin da ke tsakaninsu. Tazarar hannun da fara kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 25.

Hannun baya ya riƙe sanda yadda ake riƙe ɗan tsako, kada ya kuɓuce kada kuma a matse shi. A lokacin da kan sanda ya kusa taɓa fara, damtsenka daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya sauko tsaye sak. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ne kawai ke motsi, kafaɗa da kai su tsaya cik. Ka yi gwaji biyu ko uku, ka ɗan dakata, ka ja baya a hankali, sannan ka tura sandar ta wuce inda farar take. Kada ka ɗago kai sai ƙwallo ta yi nisa. Ɗago kai da wuri ya fi rashin saiti ɓarar da ƙwallaye.

Atisaye biyu za su gyara maka hannu. Kwantar da kwalbar lemo marar komai a tebur, ka riƙa shigar da kan sanda bakinta kana fitarwa ba tare da ka taɓa gefe ba. Na biyu, ajiye fara a tsakiyar layi, ka buga ta miƙe zuwa bangon ƙarshe, ka bar sandarka inda ta tsaya. Idan ta dawo ta taɓa kan sandar, hannunka a miƙe yake. Idan kullum dama take dawowa, to kana bugun gefen dama ba ka sani ba.

8. Saiti

Tsaya a bayan ƙwallon da kake son zurawa, ka ja layi da ido daga tsakiyar rami ya ratsa tsakiyarta ya fito ta baya. Yanzu ka ƙaddara akwai wata ƙwallo manne da ita a kan wannan layin. Wurin da wannan ƙwallon ta zuci take, nan ne za ka aika fara, tsakiya ta hau tsakiya. Sabon ɗan wasa yakan saita tsakiyar fara a kan ɗigon da yake son taɓawa, sai ya ci ƙwallon da kauri fiye da kima, domin gefen fara ne ke taɓawa ba tsakiyarta ba. Idonka na ƙarshe kafin sakin sanda ya kasance a kan ƙwallon da kake nufi.

9. Sarrafa fara

A nan ne wasan yake. Kowa na iya zura ƙwallo ɗaya. Wanda ke share tebur shi ne wanda ya san inda fara za ta tsaya bayan ta yi aikinta, har bugu na gaba ya zo masa da sauƙi. Bugu uku za ka ƙware a kansu, kuma ka bi su a jere.

Na farko, tsayarwa. Ajiye ƙwallo a miƙe da rami, fara a bayanta da tazarar taƙi biyu. Bugi fara a tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan, da ɗan kuzari. Idan ta isa tana zamewa ba ta fara mirginawa ba, za ta tsaya cak a inda ta taɓa. Yayin da tazara ke ƙaruwa, sai ka ƙara yin ƙasa ko ka ƙara ƙarfi, domin ƙyalle na mayar da zamewa mirginawa a hanya. Kada ka wuce wannan bugun sai kana iya yinsa daga kusa da nesa.

Na biyu, bi. Bugi sama da tsakiya, fara za ta bi bayan ƙwallon da ta buga. Hattara a bugun da ya miƙe da rami, don tana iya bin ta har ciki.

Na uku, jawowa. Bugi ƙasa da tsakiya, sai fara ta dawo wajenka bayan ta taɓa. Sirrinsa shi ne ka saukar da hannun gaba ƙasa, sanda ta kwanta, ka shafa alli sosai, ka tura sandar ta wuce ba tare da ka fizge ta baya ba. Masu ɗaga gindin sanda su soka ƙasa su ne ke yaga ƙyalle. Kuma akwai iyaka: kada kan sanda ya yi nisa da tsakiyar fara fiye da rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefe, in ya wuce nan zai zame, ka ji wannan ƙarar marar daɗi, fara ta tafi wani wuri daban.

Idan bugun ba a miƙe yake ba, ƙa'idoji biyu za su nuna maka hanyar fara. Idan ta isa tana zamewa, kamar a bugun tsayarwa, za ta rabu da ɗaya ƙwallon a kusurwa mai digiri 90. Ka buɗe babban yatsa da manuniya su yi kwana, ka nuna rami da ɗaya, ɗayan zai nuna maka inda fara za ta bi. Idan kuwa tana mirginawa, kuma ta ci tsakanin kwata da kashi uku bisa huɗu na ƙwallon, za ta kauce daga layinta na asali da kusan digiri 30, wato kamar buɗewar manuniya da yatsan tsakiya. Kafin kowane bugu ka duba ko akwai rami a kan wannan hanyar. Wannan dubawar kaɗai za ta rage maka faɗawar fara ƙwarai.

Bugun gefe, dama ko hagu, ka ɗaga masa ƙafa tukuna. Yana da amfani wajen canza yadda fara ke fitowa daga bango, amma yana ture ta daga layin saiti, kuma sabon hannu ba ya iya lissafa wannan turewar. Na ga matasa da yawa da suka fara da shi don burgewa, suka daɗe suna zargin sanda da tebur alhali hannunsu ne. Sama, tsakiya, ƙasa, da sanin ƙarfin da ya dace, sun isa su kai ka nesa. Kuma yawancin bugu ba ya bukatar fiye da ƙarfin da zai kai ƙwallo rami. Bugun hankali yana sa rami ya karɓi ƙwallon da ta ɗan goga baki, bugun ƙarfi yana sa ya tofo ta.

10. Zaɓen rukuni da tsarin ci

Kada ka zaɓi rukuni don kawai akwai ƙwallo ɗaya a bakin rami. Zagaya tebur ka duba wane rukuni ne ƙwallayensa suka fi samun hanya, wanne ne ke da waɗanda suka manne da juna ko suka kwanta a bango. Daga nan ka yi lissafi daga ƙarshe: wane rami baƙa za ta shiga, wace ƙwallo ce in na zura ta fara za ta tsaya daidai don baƙa? Wannan ka bar ta ta zama ta ƙarshe. Masu matsala ka warware su da wuri, tun kana da sauran ƙwallayen da za su cece ka. Ƙwallonka da ke bakin rami kuma kada ka yi gaggawar cinye ta, tana tare wa abokin wasa hanya, kuma tana nan ranar da ka rasa abin bugawa.

Idan babu bugu mai tabbas, ka yi tsaro: taɓa taka a hankali, ka ɓoye fara a bayan wata taka. Halas ne a doka, muddin wata ƙwallo ta taɓa bango bayan haɗuwar. Kuskuren da ke kayar da mutane shi ne su zura shida su maƙale a ta bakwai, su bar wa abokin wasa fili fetal.

11. Laifuka da zura baƙa

Laifi ne idan fara ta faɗa rami ko ta bar tebur, idan ta fara taɓa ƙwallon da ba taka ba, ko ba ta taɓa komai ba. Laifi ne idan bayan haɗuwa babu wadda ta shiga rami kuma babu wadda ta taɓa bango. Haka nan bugawa alhali wata ƙwallo na motsi, taɓa ƙwallo da hannu ko riga, kan sanda ya taɓa fara sau biyu, tura fara maimakon bugunta, soka sanda ƙarƙashinta don ta yi tsalle, da bugu ba tare da ko ƙafa ɗaya a ƙasa ba. Idan fara ta yi maka nisa, ɗauki sandar taimako mai gicciye a kai. Hawa tebur na karya bango ya ɓata daidaiton da ka sha wahala a kansa. Masu babbar riga ko hannun riga mai faɗi su naɗe kafin su sunkuya.

Idan ka zura taka a ramin da ba shi ka faɗa ba, ba laifi ba ne. Ƙwallon ta tafi ke nan, amma bugu ya koma hannun ɗayan.

Bayan ka gama bakwai ɗinka, ka faɗi ramin baƙa da babbar murya, kowa ya ji. Ka sha kaye a wasan idan baƙa ta shiga kafin ka gama naka, ko ta shiga ramin da ba ka faɗa ba, ko ta fita daga tebur, ko ta shiga tare da wani laifi, kamar fara ta bi ta. Amma idan ka yi laifi a kan baƙa ita kuma ba ta shiga ba, a dokar duniya wasa bai ƙare ba, ɗayan zai ɗauki fara a hannu ne kawai. Wannan na cikin abubuwan da unguwanni suka saɓa a kai, shi ya sa ake tsayar da shi tun a mataki na 5.

12. Bayan an tashi

Share ƙyalle da buroshi mai laushi kullum, ta fuska ɗaya, daga ɓangaren da ake fasawa zuwa ɓangaren jeri, musamman in ƙyallen mai gashi ne irin na teburan Ingila. Kada ka manta da ƙarƙashin leɓen bango, nan alli da ƙura ke taruwa. Goge ƙwallaye da tsumma mai ɗan danshi ka busar da su. Rufe tebur duk lokacin da ba a wasa, balle da hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, kuma kada rana ta riƙa dukansa, tana kashe roba tana dusar da launi. Kofin shayi, lemo da sigari ba su da wuri a kan bango. Sanduna a tsayar da su a miƙe a ma'ajiyarsu, kada a jingina su a bango a karkace, kada kuma a bar su cikin mota a rana. Duk bayan 'yan watanni, da kuma duk lokacin da aka motsa teburin ko da taƙi ɗaya ne, ka sake ɗora ma'auni ka gangara ƙwallo a hankali kusa da bangaye huɗun.